Kwabbai biyu, suna ɗaya, fuska daban

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Muna gyaran adakar marigayiya kakarmu a Yakasai sai na tsinci manyan kwabbai biyu na tagulla, duk an rubuta Victoria amma ɗaya matashiya ce ta ɗaure gashi a ƙeya, ɗayar kuma dattijuwa da mayafi. Na duba katalog a waya naga ana ta Bun Head, Veiled Head, VF, wallahi kaina ya kulle. Ko ɗaya jabu ne? Daga ɗan'uwanka a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya jiƙan Hajiya. Bambancin fuskar nan ba alamar jabu bane, mace ɗaya ce, Sarauniyar Ingila, ai wadda ta hau mulki 1837 ta kai har 1901 dole hoto ya canza. Kaga ta rasu tun kafin Turawa su ci Kano a 1903.

Mai ɗaurin gashin ita ce Bun Head, an buga ta a kan peni na tagulla daga 1860 zuwa 1894, kuma abin dariyar ma shine Sarauniya ta haura saba'in amma a kwabo tana nan da ƙuruciyarta, sai 1895 aka sa mai mayafin wato Veiled Head ko Old Head, shigar wadda mijinta ya rasu, don tunda mijinta Albert ya mutu a 1861 bata daina sa baƙaƙen kaya ba. Akwai kuma Jubilee Head ta 1887 mai ɗan ƙaramin kambi, amma wannan a azurfa da zinare zaka ganta.

Su kuma kalmomin katalog, obverse ɓangaren kai, reverse bayan. Haruffan kuwa matakan lafiyar kwabo ne: F ya sha hannu sosai, VF ya ɗan goge amma ana ganin zanen gashin, EF kusan sabo, UNC bai taɓa shiga kasuwa ba. In kaga ɗan ƙaramin H ƙarƙashin shekarar, a masana'antar Heaton ta Birmingham aka buga.

To amma fa kar sunan ya ruɗe ka kace ka tsinci dami a kala, miliyoyi aka buga, yawanci wanda ya goge kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, shekara da lafiyar kwabon su masu saye ke kallo. Kuma don Allah kar ka dirje su da toka ko lemon tsami wai suyi ƙyalli, nan take darajar ke zubewa. Turo mana shekarun dake jiki mu gani.