Kuɗin adashi: a ƙaro kaji ko a fara da magani?

Wata baiwar Allah daga Tawa ta aiko da tambaya. Tana kiwon kajin gida wajen 40, tana sayar da ƙwai da zakaru. Bara da sanyi ya shigo, 18 suka mutu cikin mako biyu, wuya na murɗewa, kashi kore shar. Waɗanda suka tsira sun rame, ƙwai ya ja baya. Yanzu ta kwashi adashi, jika 50, wato sefa dubu 50, tana son ta ƙaro kaji. Ta ce kaza ɗaya jika 3 ce a wajensu.

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Amma kada ki sayi ko ɗan tsako tukuna. Kaji 18 a kan jika 3, jika 54 ke nan, ya ma ɗara adashin da kika kwasa. In kika zuba sababbi cikin akurkin nan yadda yake, hunturun bana zai sake kwashe kuɗin.

Alamun da kika faɗa sun yi kama da ciwon Niyukasil, wanda ya fi yin ɓarna lokacin ɗari. Ba shi da magani idan ya kama, rigakafi kawai. Kafso ɗin nan ja da ɗorawa da ake jiƙa wa kaji a ruwa ba ya taɓa shi, asarar kuɗi ce. Ki je ma'aikatar kiwo ko wajen likitan dabbobi ki nemi allurar rigakafi, irin su ITA-NEW da ake yi wa kaza rabin mililita, ko I-2 da ake ɗigawa a ido a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Kamar a watan Oktoba ya dace, kafin iska ta juya, kuma masu lafiya ake yi wa. Kwalba guda takan ishi kaji 100, ke kuwa 22 gare ki, don haka ki haɗa kai da maƙwabta ku raba kuɗin. Ai kajinku ma tare suke tono a bola. Rigakafin da aka shanya a rana a tebur ɗin kasuwa kada ki saya ko da araha.

Ramar kuma, ina zargin abu biyu. Tsutsar ciki tana cinye hatsin da kike zubawa, gero na tafiya ƙiba ba ta zuwa. Akwai ƙwayar maganin tsutsa mai suna VPV, guda ɗaya ga nauyin kilo 2, kajinmu na gida sau da yawa rabi ya ishe su. Ki tambayi likita kwana nawa za ki dakata da sayar da ƙwai bayan magani, kuma ki kiyaye, don mai saye amana ya ba ki. Na biyun sai da dare ake gane shi. Ki ɗauki tocila bayan isha'i, ki haska tsagar bango da ƙarƙashin sandar da suke kwana. Kaskar kaji da rana tana ɓuya a nan, da dare ta fito shan jini. Ki ɗaga fiffike ki duba gindin gashi, za ki ga ƙwarƙwata na gudu. A share akurki, a ƙone tsohuwar shimfiɗa, a liƙe tsagogi, a shafe da farar ƙasa. A ajiye musu tsohon kwano da toka da rairayi su yi birgima.

Kuɗin kuwa ga yadda zan raba su da ni ce. Jika 15 rigakafi, maganin tsutsa da gyaran akurki. Jika 10 dusa da hatsi. Jika 10 a ɗaure a gefe don zagaye na biyu na rigakafi, kada biki ya cinye su. Sauran jika 15 ki sayi kaji 5, daga gidan da kika sani, ba daga kwandon dillali ba, inda ake cusa na garuruwa daban-daban wuri guda. Ki ware su mako biyu kafin su gauraya da naki. Ragowar ƙarin zai fito daga cikin gida, tunda ƙwai kwana 21 yake yi a ƙyanƙyashe.

In kaji suka fara faɗuwa da yawa rana ɗaya, kada ki ruga kasuwa da su. Ki sanar da ma'aikatar kiwo, don murar tsuntsaye ta taɓa ɓulla a Magarya a 2006, kuma alamunta na kama da na Niyukasil. Mushen a binne shi da zurfi inda kare ba zai tono ba.