Likkafani, wasiyya da haƙuri: amsoshin tambayoyin masu karatu

Malam, mahaifinmu ya sayi likkafaninsa ya ajiye, kuma ya ce mu zo ya yi wasiyya alhali lafiyarsa ƙalau. 'Yan'uwana sun ce yana yi wa kansa baki. Akwai karin maganar da zan kafa musu hujja da ita?

Akwai, ɗan'uwa. Ka ce musu shirin zaune ya fi na tsaye. Mai shirin tsaye shi ne wanda lamari ya riga ya auko masa, hankali a tashe, yana laluben abin da ya kamata a ce tuni yana hannunsa. Mahaifinku ya zaɓi ya yi nasa a zaune, da hankalinsa, don kada ya bar ku da na tsaye. Batun yi wa kai baki kuwa, Hausawa sun ce in ajali ya yi kira ko babu ciwo sai a tafi. Ƙyalle ba ya jawo ajali, rashinsa ba ya tsare shi.

Ba shi ya fara ba. A cikin Sahihul Bukhari akwai hadisin Sahlu ɗan Sa'adu, inda wani sahabi ya roƙi Manzon Allah (SAW) mayafin da aka ba shi kyauta. Da aka zarge shi, ya ce bai roƙa don ya sa ba, sai don ya zama likkafaninsa, kuma da shi aka yi masa sutura. Game da wasiyya kuma, hadisin Abdullahi ɗan Umar ya nuna bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya a kansa ya kwana 2 ba tare da tana rubuce a wurinsa ba.

Tunda an ambaci likkafani, bari in tsaya kaɗan, don kalma ce da nake so. Asalinta "al-kafan" ne na Larabci. Bahaushe ya aro ta tare da "al" ɗinta, ya yar da wasalin farko, ya manne "l" a jikin kalmar kamar da ita aka haife ta. Haka ya yi wa littafi daga "al-kitab", da lahira daga "al-akhira", da liman daga "al-imam", da lokaci daga "al-waƙt", da laifi daga "al-aib". Masanin harshe Joseph Greenberg ya yi rubutu a kan kalmomin Larabci da ke cikin Hausa tun 1947, kuma ya kula da wannan rukuni na masu "l" a gaba. Irin wannan saje da bakin Bahaushe alama ce ta daɗewa. Kalmar da ta kwana biyu haka a harshe, mutanen harshen ba baƙin abin da take nufi ba ne.

Abin da ke ɗan damuna shi ne yadda ake cakuɗa wasiyya da rabon gado. Sai ka ji an ce "ya yi wasiyya an ba babban ɗansa gida." Wannan ba wurin kalmar ba ne. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kamar yadda aka iyakance wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma ba a yin ta ga magaji, don shi rabonsa a yanke yake a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12. Daga abin da mamaci ya bari ana fara fitar da kuɗin suturarsa, sai bashi, sai wasiyya, sannan gado. Saboda haka idan kun zauna da mahaifinku, ku fara da bashi da ajiya: wa yake bi, wa ke bin sa, kayan wa ke hannunsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mene ne bambancin "ya mutu" da "ya rasu"?

Duka daidai ne a nahawu, amma ba ɗaya ba ne a kunne. "Rasu" daga "rasa" take, kamar yadda "samu" da "taru" da "gyaru" suke da wannan wasalin na ƙarshe mai nuna abin da ya auku ga abu. Wanda ya rasu shi ne wanda aka rasa. Kalmar tana kallon waɗanda aka bari, shi ya sa muke cewa "an yi mana rashi." Ita kuwa "mutu" ta kowa da komai ce: akuya ta mutu, fitila ta mutu, aure ya mutu, kasuwa ta mutu. Don haka ba a tarar mutum a ce masa ubansa ya mutu. Ina ganin wannan a saƙonnin waya da shafukan labarai, kuma yana sosa mini rai, domin harshen bai rage mu da komai ba. Muna da "Allah ya yi masa rasuwa", da "ya riga mu gidan gaskiya", da "rai ya yi halinsa", da "ya cika", da "kwanansa ya ƙare". Muna da "wafati" ga annabawa da manyan bayin Allah. Hatta "marigayi" ladabi ce tsantsa: daga "rigaya" take, wato wanda ya riga mu, mu ma muna tafe. Mace marigayiya, jam'i marigaya.

Sai babbar damuwata, addu'ar da ake rubutawa "Allah ya jikansa." Jika ɗan ɗa ne, jikansa kuwa kowa ya san ma'anarsa. Abin da ake nufi shi ne Allah ya ji ƙansa, daga "jin ƙai", wato tausayi da rahama. Addu'a ce ga wanda ba ya iya yi wa kansa, ta cancanci a nemo "ƙ" mai lanƙwasa a rubuta ta daidai.

Ta'aziyya da jaje duk ɗaya ne?

A'a. Ta'aziyya ta mutuwa ce. Jaje na gobara ne, ko sata, ko haɗari, ko wata asara da rai bai salwanta ba.

Malam, mijina ya rasu. Duk lokacin da hawaye ya zubo mini sai a ce ba ni da haƙuri. Shin ma'anar haƙuri ita ce kada a yi kuka?

Allah ya ji ƙansa, ya ba ki dangana, Malama. Masu faɗa miki haka sun ƙuntata kalmar. Haƙuri jurewa ne, kuma ba a jure abin da ba a jin zafinsa. Wanda rashi bai taɓa zuciyarsa ba, ba shi da abin yi wa haƙuri. Ki lura da gaisuwar kanta: ana cewa "yaya haƙuri?" Tambaya ce, irin wadda ake yi wa mai aiki a kan aikinsa, don an san abu ne da ake fama da shi yau da gobe, wata rana da sauƙi, wata rana da nauyi.

Lokacin da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake barin duniya, idanun Manzo sun zubar da hawaye, ya kuma bayyana cewa ido na hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba a faɗin sai abin da Ubangiji ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yage tufafi da maganar da ke nuna ƙin hukuncin Allah. Hausa ma ta raba su: akwai hawaye, akwai kuka, akwai kururuwa. Akwai kuma jimami da alhini da juyayi, kuma ba ɗaya cikinsu da ke kishiyantar haƙuri. Ki yi addu'a, ki ambaci alherinsa, ki zauna da mutanen da za su saurare ki ba tare da sun katse ki ba. Idan baƙin cikin ya hana ki ci da barci har ya daɗe, ki ga likita, wannan ma cikin haƙuri yake.

Takaba da idda fa?

Idda ita ce gamammiyar kalma, daga ƙidaya a Larabci, ta haɗa wadda aka saka da wadda mijinta ya rasu. Takaba ta mutuwar miji ce kaɗai: wata 4 da kwana 10, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara aya ta 234, mai ciki kuma har ta haihu.

Me ya sa ake ce wa mutuwa "mai yankan ƙauna"?

Ƙaunar da ke nan ta "yanke ƙauna" ce, wato fid da rai. Muddin mutum na numfashi ana sa ran ganinsa, ko ya yi nisa ko yana jinya. Mutuwa ce ke yanke wannan sa ran.