Tambaya da Amsa: Tsohon cocin ƙauye a Ingila da abin da ke ƙarƙashin farar ƙasa

Tambaya: Malam, na ga hotunan tsofaffin coci-coci na ƙauyukan Ingila waɗanda aka gina tun ƙasar tana bin ɗarikar Katolika. Me ya sa ginin yake zama kamar an harhaɗa shi, wani sashe da ƙananan tagogi wani da manya, kuma me ya sa bangon ciki fari ne fat alhali an ce masu ɗarikar suna son zane? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, idonki ya ga daidai, domin da wuya a sami cocin ƙauye da aka gina shi a tashi ɗaya. Yawancinsu an aza harsashinsu na dutse ne a ƙarni na 11 da na 12, sannan kowane zamani ya zo ya ƙara nasa har zuwa farkon ƙarni na 16.

Tsarin asali mai sauƙi ne. Ginin yana miƙewa daga yamma zuwa gabas, bagadi, wato teburin ibada, yana can ƙarshen gabas inda fada, wato limamin coci, yake gudanar da ibada da harshen Latin, jama'a kuma suna cikin babban ɗakin da ke yamma da shi. Kwamin baftisma, wanda ake sassaƙawa daga dutse, yana kusa da ƙofa, saboda da baftisma ake shiga addinin. Abin da ya fi bayyana rashin daidaiton da kika lura da shi kuwa shi ne rabon nauyi: tun ƙarni na 13 gyaran sashen bagadi yana wuyan limamin da ke karɓar ushirin amfanin gona, babban ɗaki da hasumiyar ƙararrawa kuma suna wuyan mutanen ƙauye. Saboda haka idan ƙauye ya sami wadata sai ya ɗaga bangon nasa sashen, ya faɗaɗa shi, ya buɗe manyan tagogi, sashen bagadi kuwa ya zauna yadda yake in mai ushirin ya yi maƙo.

Siffar bakan da ke saman ƙofa ko taga ita ce ke faɗa miki shekarun sashe. Baka mai zagaye, da bango mai kauri da ƴar siririyar taga, aikin ƙarni na 12 ne. Misalinsa shi ne cocin Kilpeck a yankin Herefordshire, wanda aka gina wajen 1140 da jan dutse, aka sassaƙa macizai da itacen rai a ƙofarsa ta kudu, aka kuma jera kawunan mutane da dabbobi a ƙarƙashin rufi, har da kare da zomo suna zaune gefe da gefe. Baka mai tsini ya biyo baya, bayan da aka gwada salon a cocin Saint-Denis kusa da Paris a shekarun 1140, kuma da shi magina suka sami damar rage dutse su ƙara gilashi. A ƙarni na 15 kuɗin ulu da saƙa suka kai abin maƙura: a Long Melford da ke Suffolk an sake gina coci tsakanin 1467 da 1497, aka rubuta sunayen masu ba da kuɗin a jikin bangon waje tare da roƙon a yi musu addu'a.

Farin bangon kuwa baƙon abu ne. A zamanin Katolika cikin coci cike yake da launi, an yi zane a kan yaɓe da jar ƙasa da rawayar ƙasa da baƙin gawayi, domin shuɗi da ruwan zinariya sun fi ƙarfin aljihun yawancin ƙauyuka. Kowane zane yana da mazauninsa. Akan zana Waliyyi Kiristofa, ƙato ɗauke da yaro Yesu a kafaɗa yana tsallake kogi, a bangon arewa daura da ƙofar kudu, saboda an yi imani cewa wanda ya dube shi ba zai yi mutuwar farat ɗaya a ranar ba, don haka mai wucewa yana iya leƙowa daga bakin ƙofa ya gan shi. A saman bakan da ya raba jama'a da bagadi ake kafa babban gicciye, a bayansa kuma zanen Ranar Shari'a, yadda duk wanda ya ɗaga kai zai yi ido biyu da shi. Paparoma Gregori na Farko ya rubuta wajen shekara ta 600 cewa hoto yana yi wa wanda bai iya karatu ba aikin da rubutu yake yi wa mai karatu. A ganina maganar tana da iyaka, domin wanda bai taɓa jin labarin a wa'azi ba ba zai gane shi daga bango ba; zanen tunatarwa ne ga wanda ya riga ya sani.

Sauyin ya zo ne a mulkin Sarki Edward na Shida, lokacin da Ingila ta karkata ga ɗarikar Furotesta, umarnin hukuma na 1547 da na 1548 suka sa aka sauke gumaka da gicciye, aka shafe zane da farar ƙasa, daga baya aka rubuta ayoyin Littafi Mai Tsarki da Turanci a kai. A 1643 da 1644 wani ɗan Furotesta mai tsauri, William Dowsing, ya bi coci-cocin Suffolk da Cambridgeshire yana farfasa abin da ya rage. Sai dai farar ƙasar da aka shafa don ɓoyewa ta zama kariya ga wasu zane-zanen. A ƙauyen Wenhaston, a 1892, masu gyara sun ciro wasu fararen allunan katako daga saman bakan bagadi suka ajiye su a waje, ruwan sama ya sauka da dare ya wanke farar ƙasar, da safe sai ga zanen Ranar Shari'a na wajen shekara ta 1500. A cikinsa Mala'ika Mika'ilu yana riƙe da ma'auni Shaiɗan yana tsaye kusa da shi, Bitrus, almajirin Yesu, yana riƙe da mabuɗi yana tarbar sarki da sarauniya da bishop da kadinal waɗanda ba sa sanye da komai sai kambi da hulunan muƙaminsu, a ɗaya gefen kuma ana jan masu zunubi da sarƙa zuwa bakin wani ƙaton kifi da ke wakiltar Jahannama. A tsakiyar allunan akwai gurbi mai siffar gicciye da ba a taɓa yi wa fenti ba, inda gicciyen katakon da aka cire yake manne a dā, kuma allunan suna nan cikin cocin har yau.