Ko jinsin mai yin doka yana shafar dokar kafafen sada zumunta ga yara?

Malama, kin tambaya ko akwai bambanci idan mace ce ta tsara dokar kare matasa a kafafen sada zumunta. A ganina akwai, domin mai doka yakan fara da cutar da ya fi sani.

Ƙudurin dokar kafafen sada zumunta da aka gabatar a Majalisar Dattawan Najeriya a 2019 labaran ƙarya ya sa a gaba. Amma a Birtaniya, mace ce 'yar majalisa, Beeban Kidron, ta dage har aka kafa ƙa'idar da ta tilasta wa kamfanoni kare bayanan yara. Ba na cewa maza ba su damu ba, tunda gwamnatin Firaminista Anthony Albanese ce ta kawo dokar Ostiraliya ta 2024 mai hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe shafi.

Damuwata a nan Sakkwato ita ce, yarinyar da aka yi wa barazanar yaɗa hotonta a WhatsApp uwa ko malamar Islamiyya take gaya wa, alhali mata 4 ne kacal cikin sanatoci 109, don haka kukanta da wuya ya isa zauren da ake rubuta dokar.