Me ya haɗa Hormuz da litar man da nake saye a Jos?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan Keke Napep ne, ina lodi a Terminus. Da zarar Iran da Amurka sun fara cacar baki aka ambaci mashigin Hormuz, kafin ka ce kwabo gidan mai ya sauya farashi. Mu da ke haƙo namu man a Neja Delta, ga kuma matatar Dangote, me ya haɗa kifi da kaska?
Mai karatu daga Unguwar Rogo, Jos

Amsa: Ɗan'uwa, ai ka san Hawan Kibo. Ranar da tirela ta kife ta tare hanya, dankalin da aka loda daga Farin Gada ba ya isa Abuja. Sai ka ga wanda buhunsa ya iso tun shekaranjiya ya ƙara kuɗi, alhali kayansa ba su ga tirelar ba. Hormuz Hawan Kibon man duniya ne.

Wata 'yar ƙofa ce a teku tsakanin Iran da Oman. Inda ta fi matsewa faɗinta kusan kilomita 33 ne, hanyar da manyan jirage ke bi kuwa ba ta wuce kilomita 3 a kowane hannu ba. Ta nan man Saudiyya, Iraƙi, Kuwait, Daular Larabawa da na Iran ɗin kanta ke fita, ga iskar gas ta Ƙatar. A 2024, ganga kusan miliyan 20 ke ratsawa kullum, wato ɗaya bisa biyar na abin da duniya ke sha. Yawancinsa Asiya yake nufa: Sin, Indiya, Japan da Koriya ta Kudu. Saudiyya ta shimfiɗa bututu zuwa Yanbu a bakin Bahar Maliya, Daular Larabawa kuma zuwa Fujaira, tashar jiragen ruwa da ke wajen mashigin, amma su biyun ba za su iya ɗauke duk lodin ba.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, ba sai an rufe ƙofar ba. Tsoro kaɗai ya wadatar. Kamfanin inshora ya ji ƙamshin yaƙi sai ya tsauwala wa jirgi kuɗi, mai jirgi ya ɗora wa dillali, dillalin Indiya da ke fargabar rasa man Larabawa ya juyo yana neman ɗanyen manmu na Bonny Light, ya taya sama. An ga irin haka a yaƙin Iran da Iraƙi na 1980 zuwa 1988, lokacin da aka riƙa harbin jiragen dakon mai har Amurka ta shiga raka na Kuwait a 1987.

Matatar Dangote da ke Lekki ba kyauta ake ba ta ɗanyen mai ba. Saye take yi a farashin kasuwar duniya, wani ma daga Amurka take shigo da shi. A da tallafi ke shanye wannan hawa da sauka, amma a ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi, yanzu kai tsaye abin ke zuwa tankinka. Baitulmali na ƙara samun dala idan ganga ta yi tsada, kai kuma ka biya a famfo.

Inda nake tare da kai shi ne saurin da masu gidajen mai ke yi. Labari ya fito da safe, da la'asar sun gyara allo, kan man da ke cikin rijiyarsu tun makon jiya. Ranar da ganga ta sauko kuwa, sai su ce a bari tsohon kaya ya ƙare tukuna.