Fitsarin Ɓeran Masar Ya Rine: Jini Ne Ko Launin Abinci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yarana suna kiwon ɓerayen Masar guda biyu a tsakar gida, mace da namiji, kuma macen ta haura shekara uku a hannunmu. Kwanan nan na lura fitsarinta a kan siminti yana yin ruwan goro, wani lokaci har ya yi ja-ja, idan ya bushe kuma sai ya bar wani farin gari. Maƙwabciyata ta ce haila ce kawai, wani kuma ya ce in buɗe kafson amoksisilin in zuba mata a ruwa. Abincinsu harawa ne da alayyafo da karas. Me ya kamata in yi? Daga wata uwa a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya zuri'a. Kafin komai, ina roƙonki ki ajiye wancan kafso, domin shi ya fi jan fitsarin haɗari. Narkar da abinci a cikin ɓeran Masar ya dogara ne a kan wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a hanjinsa, su kuwa magungunan dangin penisilin, irin su amoksisilin da amfisilin da Ampiclox da ake saye a kemis, suna kashe waɗannan ƙwayoyi, sai miyagun su samu fili su saki guba, dabbar ta kamu da gudawa mai tsanani, ta mutu cikin 'yan kwanaki. Akwai magungunan da jikinsa yake ɗauka, amma likitan dabbobi ne zai zaɓa, ya kuma auna daidai nauyinta, wanda galibi bai wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba.

Maganar haila kuma ba ta da tushe. Macen ɓeran Masar tana neman namiji kusan duk bayan kwana 15 zuwa 17, amma ba ta zubar da jini a lokacin. Saboda haka idan har ya tabbata jini ne yake fita daga jikinta, to ciwo ne, ko daga mafitsara ko daga mahaifa.

Sai dai ba kowane jan fitsari ba ne jini. Fitsarin wannan dabba, ko da tana cikin ƙoshin lafiya, ba garai-garai yake ba. Yakan fito a gurɓace, fari-fari ko rawaya, saboda jikinta yana zuƙar kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ƙashi, mai yawa daga abinci, ya kuma fitar da rarar ta fitsari. Wannan shi ne farin garin da kike gani bayan ya bushe, kuma idan kika murza shi da yatsa kika ji shi da laushi, ba abin damuwa ba ne. Haka kuma akwai wasu sinadarai masu launi, wasu daga jikinta, wasu daga ganye da kayan lambu irin su karas, waɗanda suke rikiɗa idan sun sha iska, kamar yadda fasasshen goro yake rinewa idan ya jima a buɗe. Shi ya sa za ki ga fitsarin da ya fito rawaya da safe ya koma ruwan goro ko ruwan ƙasa kafin azahar. A lokacin hunturu da lokacin zafi, idan dabbar ba ta shan ruwa sosai, launin yakan ƙara duhu.

Hanyar rarrabewa a gida ita ce ki ga fitsarin a lokacin da yake fita, ba bayan ya jima a ƙasa ba. Ki ware macen a cikin kwando ko babbar roba, ki shimfiɗa mata farin ƙyalle mai tsafta, ki ajiye mata ciyawa da ruwa, ki dakatar da karas na kwana biyu. Idan launin abinci ne, jiƙon zai zama launi ɗaya daga tsakiya har gefe, zai yi ta rinewa a hankali, kuma zai dusashe bayan an canza abincin. Jini kuwa yakan fito da jansa tun farko, sau da yawa ɗigo-ɗigo ko zare-zare a tsakiyar jiƙon, ko kuma a ƙarshen fitsarin. Duk da haka ido yana iya yaudarar mutum, kuma tabbaci yana wurin likita, wanda zai tsoma wata 'yar takardar gwaji a cikin fitsarin ya ga ko da jini cikin minti kaɗan.

A ganina, halin dabbar ya fi launin fitsarin faɗin gaskiya, kuma a nan nake so ki sa yaran su zuba ido. Wadda tsakuwa ko ciwon mafitsara yake damu takan tsaya ta ƙanƙame jiki, ta ɗaga ƙugu, ta gantsare baya, ta yi wani siririn kuka a daidai lokacin fitsari ko kashi, wanda ya bambanta da ihun murnar da take yi idan ta ji motsin ledar abinci. Takan yi fitsari kaɗan-kaɗan a kai a kai, gashin ƙasanta ya jiƙe ya yi zarni, fatar wurin ta yi ja. Sannan ta rage cin abinci, ta rame. Ɓeran Masar dabba ce da ta saba ɓoye ciwo, don haka duk ranar da kika ga ta yini ba ta ci komai ba, kada ki bari a kwana, domin hanjinta yana tsayawa da aiki idan babu abinci a ciki.

Idan jini ne, abubuwa uku aka fi zargi. Akwai ƙwayoyin cuta da ke hawa mafitsara, waɗanda suka fi kama mata saboda gajartar hanyar fitsarinsu da kusancinsu da ƙasa mai danshi. Akwai ciwon mahaifa ko ƙullutu a ƙwayayen haihuwa, wanda ya yawaita ga matan da suka manyanta, kuma taki da ta haura shekara uku ta shiga wannan sahu, tunda yawancinsu shekara 5 zuwa 7 suke rayuwa. Sai kuma tsakuwa, wadda abincin da kika lissafa ya sa na fi karkata gare ta. Mafi yawan tsakuwar ɓeran Masar ta kalsiyam ce, tana fitowa sarai a hoton eksire, kuma ba ta narkewa da magani ko canjin abinci. Ƙarama tana iya fita da kanta ga mace, babba kuwa sai an yi tiyata an ciro ta. A Kumasi akwai ofisoshin likitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu, ga kuma makarantar koyon likitancin dabbobi a jami'ar kimiyya da fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST), sai dai ki tambaya tun farko ko likitan ya saba duba zomaye da ƙananan dabbobi irin wannan.

Harawa, ko ta wake ko ta gyaɗa, abinci ne mai kyau ga tumaki, amma tana ɗauke da kalsiyam fiye da abin da baligin ɓeran Masar yake buƙata. Alayyafo ma haka, ga kalsiyam ga wani sinadarin da ke haɗuwa da shi ya dunƙule, kuma zogale da ɗanyen ganyen kontomire, wato ganyen gwaza, su ma ba na ba shi kullum ba ne. Abin da ya kamata ya zama tushen abincinsu shi ne ciyawa zalla, ɗanya ko busasshiya, wadda ba a yanko daga bakin kwata ko inda aka fesa magani ba, kuma kada ta yanke musu dare da rana. A kan wannan sai a ƙara tattasai marar yaji da kokwamba da latas da ɗan yankin gwaiba. Tattasan da gwaibar suna da muhimmanci saboda bitamin C, wanda jikin ɓeran Masar ba ya iya haɗawa da kansa, daidai da jikin ɗan Adam. A kan wannan dabba ne ma wasu masana biyu a Norwe, Axel Holst da Theodor Frølich, suka ga ciwon rashin wannan bitamin a 1907. Amma kada a yi ta ɗura musu ƙwayar bitamin ɗin fiye da kima, kuma kada a dogara da abincin zomaye na buhu, domin ba a haɗa shi da buƙatarsu ba. Ki yi canjin a hankali cikin mako guda don kada cikinsu ya lalace.

Ruwa shi ne sauran rabin rigakafin. Dabba mai kilo ɗaya tana buƙatar kimanin mililita 100 a yini, kuma mutane da yawa suna zaton ɗanyen ganye ya wadatar, alhali bai wadatar ba. A canza ruwan safe da yamma, a wanke mazubin, a jiƙa ganyen kafin a ba su. Idan ruwan rijiyarku yana barin farin ɓawo a cikin butar shayi, gara a ba su na famfo ko na leda. Asalin ɓerayen Masar daga tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, ba su jure zafin da ya kusa digiri 30, don haka kejinsu ya kasance a inuwa mai iska, nesa da kwanon rufi, da shimfiɗa busasshiya da ake canzawa a kai a kai.

Tunda abinci ɗaya suke ci, ki sa ido a kan namijin ma, domin hanyar fitsarinsa ta fi ta macen tsawo da ƙunci, kuma 'yar tsakuwa tana iya toshe ta gaba ɗaya. Idan kika gan shi yana yunƙuri yana kuka amma babu abin da ke fita, a kai shi wurin likita a ranar, domin toshewar tana lalata ƙoda cikin kwana ɗaya ko biyu.