Wace masara ce ta fi a gonar da ba ban ruwa?

Ɗana, jiya muna gyaran sungumi ka ce mini wani mai sayar da iri a kasuwar Tawa ya nuna maka masara mai goyo kamar damtsen mutum, ya ce tana ninka tamu, kana son ka san wace ce ta fi. Ban amsa nan take ba, don maganar ba ta tsaye ba ce. Zauna ka ji.

Da ni ne, abin da zan fara tambayarsa shi ne kwana nawa take yi. Masara tana son ruwa milimita 500 zuwa 800 a damana. Mu kuwa nan Tawa, shekarar da muka samu 400 sai hamdala. Shi ya sa ba ka taɓa ganin na kai ta jigawa ba. Jigawa ta hatsi ce. Masara sai fadama, ko bayan gida inda taki ya taru, ko kwari irin na Maggiya inda ruwa ke kwanciya. Ko a can ma, irin da ya haura kwana 100 caca ne. Ruwanmu yakan zauna cikin watan bakwai, kafin watan tara ya ƙare ya ɗauke. Ƙirga da kanka.

Ni ma babban goyo ya taɓa ruɗa ni. Wata shekara na sayo iri daga kudu, mai kwana 120. Ta yi kore shar, ta fi ni tsawo, masu wucewa na tsayawa kallo. Tana cikin fid da gemu ruwa ya ɗauke. Kara kawai na kwaso wa shanu. Har yau in na tuna raina na ɓaci, don ba ni kaɗai na sha wuyar shekarar ba, har da iyalina.

Ka san me ya kashe ta? Kowane silin gemu ƙwaya ɗaya ce. Sai garin furen da ke saman kara ya sauka a kansa ƙwayar za ta ɗauka, kuma garin nan kamar mako guda yake zuba ya ƙare. In fari ya kama ta a lokacin, furen sama zai fito a kan kari, gemu kuwa ya makara. Kafin ya leƙo gari ya ƙare. Sai ka ɓare goyo ka tarar da totuwa, ƙwaya nan ɗaya can ɗaya, kamar bakin tsoho. Mako biyu kafin gemu da mako biyu bayansa, nan ne noman masara yake. Iri mai sauri yakan yi gemu wajen kwana 45 zuwa 50, wato tsakiyar watan takwas, lokacin da sama ta fi sakin ruwa.

Don haka nake riƙe da irin P3 Kollo na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, mai kwana wajen 90. Akwai kuma masu saurin gaske da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar, masu kwana 80 zuwa 85. A shekarar ruwa da yawa mai dogon kwana za ta fi su, ban musa ba. Amma shekarun ruwa da yawa nawa ka gani tun da ka yi wayo?

Kada ka ɗauki maganata ita ma ba gwaji. Sayo tiya guda ta mutumin. Mu auna fili mita 10 a kan 10 ga kowane iri, kusa da juna, a maimaita a wurare uku na gonar, don kada wani ya samu gindin gawo wani ya faɗa fako. Shuka rana ɗaya, santimita 80 tsakanin layi, 40 tsakanin rami, a cire a bar biyu. Taki daidai wa daida, noma da maimai rana ɗaya. Ka samu littafi ka rubuta ranar shuka, ranar gemu, wace ce ganyenta ya fara naɗewa da rana tsaka, wace ce tsutsar nan da ta shigo Afirka a 2016 ta fi ci, wace ce ƙuduji ya danne. In an girbe, ban da ƙirga goyo. A shanya ta bushe ƙayau, a ɓanɓare, a ɗora ƙwaya a sikeli. Abin da fili guda ya bayar ka ninka sau 100, ka samu na hekta. Damana ɗaya kuma ba ta isa shaida ba, sai uku.

Saura abu guda da za ka tambaye shi: in ka ajiye irin, baɗi zai yi kamar bana? In haɗaɗɗen iri ne na kamfani, 'ya'yansa ba sa kama uwarsu, amfani zai ragu, kowace shekara sai ka sake saye. Tamu kuwa nakan zaɓi goyon tsakiyar gona, nesa da masarar maƙwabta, in shuka damana biyu ko uku kafin in sabunta.

Gobe da sassafe ka zo da igiya da turaku, mu fara aune daga gefen rijiya.